Me alƙalin wasa yake nema a tafin hannun mai jifa?

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wani wasan besbol na Amurka inda alƙalin wasa ya kama hannun mai jifa yana shasshafawa kamar mai duba, daga nan ya kore shi daga fili. Ana ta cewa maguɗi ya yi. Wane irin maguɗi ake yi da jifa, kuma wane hukunci hukumar gasar take yankewa?

Amsa: Danƙo yake nema, ɗan'uwa. Duk wani abu mai yauƙi ko mai kama yatsa da mai jifa zai iya shafawa a hannu don ƙwallo ta yi masa biyayya. Idan alƙali ya ji hannun ya cika kamu, kora ce nan take, sannan hukumar babbar gasar, wato MLB, ta biyo da dakatarwar wasa 10. Amma wannan hukunci ne na nau'i ɗaya kawai. Akwai maguɗin da mutum zai yi a tafa masa a ƙarshe, akwai wanda zai raba shi da sana'ar har abada, kuma abin da ya raba su ba girman laifin a ido ba ne.

Sai ka fara gane abin da ke tsakanin mai jifa da mai bugu. Tazarar mita 18 ce da 'yan kai. Ƙwallon tana zuwa da gudun kilomita 150 a awa ko fiye, don haka ko rabin daƙiƙa ba ta cika ba ta iso. Mai bugu ba ya iya bin ta da ido har ƙarshe. Yana ganin fitowarta daga hannu, sai ƙwaƙwalwarsa ta kintaci inda za ta sauka, ya kai sanda can. Duk sana'ar mai jifa ita ce ya ƙaryata wannan kintace. Makaminsa kuwa juyi ne. Ka san yadda gwanin firikik yake lanƙwasa ƙwallo ta kewaye katangar 'yan baya, ai juyin da ya ba ta ne ya sa iska ta tura ta gefe. Haka yake a nan. Jifa mai gudu da aka sako da juyin baya ba ta faɗuwa yadda ido ya saba, sai mai bugu ya kai duka ƙasa da ita ya daki iska. Irin wannan jifa a babbar gasa tana juyawa wajen sau 2,200 zuwa 2,300 a minti. Wanda yatsunsa suka manne da fatar ƙwallon a daidai lokacin saki zai ƙara ɗaruruwa a kan haka, kuma ɗaruruwan nan su ne bambancin wanda ake duka da wanda ba a iya taɓawa.

Na yi shekaru ina alƙalanci a wasannin yara da na 'yan sha'awa a nan Amurka ranakun Asabar, kuma abin da nake so kowa ya fara yi kafin ya zagi mai jifa shi ne ya ɗauki sabuwar ƙwallo daga kwali. Farar fatar saniya ce fes, an ɗinke ta da jan zare, tana sheƙi, tana santsi kamar sabulun da aka jiƙa. Ranar sanyi, yatsu sun bushe sun ƙage, wallahi ji za ka yi kamar ƙwai ka riƙe. A ce maka ka wurga wannan abu da iyakar ƙarfinka kusa da kan mutum. Hukumar kanta ta san ƙwallonta ba ta jefuwa a haka. Shi ya sa kafin kowane wasa ma'aikata suke zama su murje ƙwallaye da wani taɓo na musamman da ake ɗebowa daga yankin kogin Delaware a jihar New Jersey, al'adar da ta faro tun shekarun 1930. Shi ya sa kuma ake ajiye wata 'yar farar jaka a bayan tudun jifa, cike da garin ƙaron itace, wanda doka ta yarda a daddaɓa a hannu don a busar da gumi. To ka ga tun daga tushe, dokar tana cewa kada a sa wa ƙwallo komai, alhali ita da kanta ta sa mata taɓo ta kuma ba ka ƙaro. Rigimar duk a kan iyaka ce: ina halal ya tsaya, ina haram ya fara.

Maguɗin mutanen da akasin na yau ne. Su santsi suke nema. A tofa yawu ko a lakuci basilin, ƙwallo ta sulɓe daga yatsu ba juyi sosai, ta zo gaban mai bugu ta faɗi kamar an tsinke mata igiya. An haramta jifar yawu a 1920, aka yi wa mutum 17 da ke cin abinci da ita uzuri har su yi ritaya, na ƙarshensu Burleigh Grimes ya ajiye a 1934. A watan Agustan 1920 ɗin ne jifar Carl Mays ta sami Ray Chapman na Cleveland a ka ya rasu washegari, kuma daga nan alƙalai suka koma sauya ƙwallo da zarar ta yi dauɗa. Haramcin bai hana komai ba, ya dai mayar da abin sana'ar ɓoye. Wasu suka koma karce fata. An kama Rick Honeycutt a 1980 da 'yar ƙusa manne a yatsa, har ya manta ya shafi goshinsa da ita ya ji wa kansa ciwo. A 1987 alƙalai suka ce Joe Niekro na Minnesota ya zazzage aljihunsa, ya yi wuf ya watsa hannu sama kamar mai cewa ba komai, sai ga magogin farce yana tashi a iska ya faɗi a gaban alƙali. Kwana 10 aka ba kowannensu.

Sarkinsu duka Gaylord Perry. Mutumin nan ya mayar da zargi kansa makami. Kafin kowace jifa sai ya taɓa hula, ya shafi gira, ya sosa bayan kunne, ya ja riga, ko da babu komai a jikinsa, don kawai mai bugu ya shiga wasiwasi. Ya fitar da littafi a 1974 yana ba da labarin abin da yake yi, yana tsakiyar wasa bai yi ritaya ba. Duk da haka ba a kore shi daga fili kan wannan laifi ba sai a 1982, yana da shekara 43. Ya ci wasa 314, ya ɗauki kambin gwarzon mai jifa sau biyu, kuma a 1991 aka shigar da shi zauren gwarzayen wasan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka matsayin irin wannan maguɗi a idon masu wasan: wayo ne, irin wanda dattawa ke ba da labarinsa suna dariya.

Shekara da shekaru akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba. Kowa ya san masu jifa suna haɗa man kare fata daga rana da garin ƙaro, ko su ɓoye ɗan baƙin danƙon itace a cikin safar hannu ko ƙarƙashin bakin hula. Masu bugu da yawa ma sun fi son haka, gara mai jifa ya riƙe ƙwallo da kyau da ta kuɓuce ta fasa maka kai. Koci kuma ba ya tona asirin na wani, don ya san nasa yaran ma suna yi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sharaɗin kawai kada ka raina wa mutane hankali. Michael Pineda na New York Yankees shi ya karya wannan sharaɗi. A watan Afrilun 2014 kyamara ta nuna wani abu ruwan ƙasa a tafin hannunsa yana wasa da Boston, aka kawar da kai. Bayan kamar mako biyu, a filin Boston cikin dare mai sanyi, sai ga shi da danƙo shafe a gefen wuya yana ƙyalli, har mai kallo a gida yana gani. Dole kocin Boston ya fito. Alƙali ya duba safar hannu, ya duba baya, sannan ya kai yatsa ɗaya ya dangwali wuyan, ya duba yatsan, ya nuna masa hanya. Wasa 10. Abin da aka riƙa faɗa a lokacin ba wai ya yi maguɗi ba ne, cewa ake yi ya yi wauta.

Na'ura ce ta rushe wannan zaman lafiya. Daga 2015 aka kafa tsarin Statcast a duk filaye, yana ƙirga juyin kowace jifa, kuma kowa yana iya ganin alƙaluman a intanet. Da aka iya auna abu, sai aka fara saye da sayarwa a kansa. Ƙungiyoyi suka shiga neman masu juyi da yawa suna ba su kwantiragi, masu jifa suka gane cewa danƙo ba riƙo kaɗai yake bayarwa ba, kuɗi yake kawowa. Aka tashi daga man rana aka koma wani abu mai suna Spider Tack, wanda asalinsa an yi shi ne don ƙartin da ke gasar ɗaga manyan duwatsu. In ka lakuta ka dafa ƙwallo, ka buɗe hannu ka kife shi, tana nan rataye. Wani mai jifa, Trevor Bauer, ya yi ta ƙorafi a 2018, yana nuna yatsa ga masu jifar Houston, yana cewa babu wata hanyar halal da juyi zai tashi haka dare ɗaya. Ba wanda ya saurare shi. Daga ƙarshen 2019 sai nasa juyin ya yi tsalle, a 2020 ya zama gwarzon mai jifa da Cincinnati. Ba a taɓa hukunta shi kan danƙo ba, kowa dai ya yi nasa lissafin.

A farkon kakar 2021 abin ya kai intaha. Masu bugu suna samun bugu mai kyau wajen 236 ne cikin 1,000, irin ƙarancin da rabon a gani tun 1968, shekarar da masu jifa suka addabi kowa har aka rage tsayin tudun jifa. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu zuwa bugu suna komawa ba su sa ƙwallo a fili ba. Kafin watan Mayu ya ƙare an yi wasa shida da mai jifa ya gama ba wanda ya samu bugu ko ɗaya a kansa. Wasa ya zama gundura, 'yan kallo kuwa su ne kasuwa. Da 'yan jarida suka tambayi Gerrit Cole, mai jifar New York Yankees, kai tsaye ko ya taɓa amfani da Spider Tack, sai ya yi shiru mai tsawo, ya yi ta kame-kame, ya ce bai san yadda zai amsa ba. Ranar 15 ga Yuni hukuma ta ba da sanarwa, ranar 21 aka fara bincike a kowane wasa. Makon farko wasan kwaikwayo ne. An binciki Max Scherzer, mai jifar Washington a lokacin, sau uku a dare ɗaya, na ukun bisa buƙatar kocin Philadelphia, har ya jefar da hula ya fara kwance bel. A daren kuma, a wani wasan, Sergio Romo na Oakland ya zame wando a gaban alƙali. Amma alƙaluman juyi sun sauka a duk gasar cikin 'yan kwanaki, wanda ya nuna ruwa bai yi tsami banza ba. Héctor Santiago na Seattle ne aka fara kora, ranar 27 ga Yuni.

Yanzu ga hukuncin da ka tambaya a kai, da nauyinsa na gaskiya. Wasa 10 a kakar da ke da wasa 162. Mai jifar da ke buɗe wasa sau ɗaya yake jifa a kowane wasa biyar, ka ga fita biyu ya rasa. Albashinsa kuma yana tafiya. Scherzer da aka kora a Los Angeles ranar 19 ga Afrilun 2023 yana karɓar sama da dala miliyan 43 a shekara, tarar da aka ci shi dala 10,000 ce, aka rage ta zuwa 5,000 da ya janye ƙara. Inda abin yake da zafi shi ne ƙungiya ba ta da damar cike gurbin wanda aka dakatar, sai ta yi wasa 10 da mutum 25 maimakon 26, sauran masu jifa su ɗauki nauyinsa da kafaɗunsu. Kunyar abokan aiki ta fi tarar ciwo. Ɗaukaka ƙara kuwa jami'in hukumar ne yake saurara, ba mai sasanci na waje ba, kuma dalilin da Scherzer ya bayar ke nan na cewa bai ga amfanin wahalar da kansa ba. Bayan shi an dakatar da Domingo Germán a watan Mayun 2023, wanda ya dawo ya yi cikakken wasa marar aibi a ƙarshen Yuni, mutum 27 suka zo ba wanda ya taka zangon farko, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa in ya doki ƙwallo. A 2024 aka kama Ronel Blanco na Houston da Edwin Díaz na New York Mets. Kusan dukansu magana ɗaya suka yi: gumi ne da garin ƙaro.

Ni kuwa ba na saurin cewa ƙarya suke. Na gwada da hannuna. Ka daddaɓi jakar ƙaro a busasshen hannu, gari ne kawai. Bari gumi ya sauko daga damtse ya haɗu da shi, ka murza, ka jira minti biyu, sai ka ji yatsu suna ɗan ƙara idan ka raba su. In ka wanke da sifirit, wanda Scherzer ya ce shi ya yi amfani da shi a gaban jami'in hukuma, ƙaron yana narkewa ya bazu, in ya bushe ya ƙara kamu. Shugaban alƙalan ranar ya ce tunda aka fara bincike bai taɓa jin hannu mai danƙo irin wannan ba, har nasa yatsun suna mannewa. Mai yiwuwa ne duka biyun gaskiya suka faɗa. Dokar ta ce ƙaro ma in ya yi yawa ko aka haɗa shi da wani abu ya zama haram, amma babu ma'auni. Ba a shafa auduga a kai ɗakin gwaji kafin a yi kora. Yatsan alƙali ne awo, kuma yatsu sun bambanta. Mutane sun lura cewa a kora ukun farko, alƙali ɗaya, Phil Cuzzi, yana cikin tawagar kowacce. Ko shi ya fi kowa tsanani, ko sauran sun fi shi kawar da kai, duk wanda ka ɗauka, hukuncin da ya dogara da wanda ka ci karo da shi ranar yana da rauni.

Haka zargin da ake yi daga alƙaluma. Duk ranar da wani ya yi jifa mai kyau, za ka ga masu sharhi a intanet sun fito da jadawali: juyinsa ya ƙaru da kaza. Juyi yana tashi tare da gudu, mutumin da jininsa ya hau a babban wasa zai ƙara duka biyun. A watan Oktoban 2022 kocin Mets ya sa alƙalai su binciki Joe Musgrove na San Diego saboda kunnuwansa suna ƙyalli kuma juyinsa ya hau. Alƙali ya tsaya a gaban dubban mutane yana murza kunnen ƙato, bai samu komai ba. Musgrove ya gama zagaye bakwai da bugu ɗaya tak a kansa. Abin da nake dubawa ni shi ne tsallen da ya zo dare ɗaya ya zauna makonni ba tare da gudu ya ƙaru ba, ko faɗuwar da ta zo daidai ranar da aka tsananta bincike. Wannan biri ya yi kama da mutum. Ko shi ma bai isa hujjar dakatarwa ba, kuma hukumar ba ta dakatar da kowa a kan alƙaluma kaɗai.

A ganina an bar jaki ana dukan taiki. MLB tana da hannun jari a kamfanin Rawlings mai yin ƙwallon tun 2018. A Japan da Koriya ta Kudu ƙwallo tana fitowa daga leda da ɗan kamunta, ba ta buƙatar irin wannan wahala. An gwada irinta a wata ƙaramar gasa ta Amurka a rabin farkon kakar 2023, ba a kawo ta babbar gasa ba. Sannan sauya doka a tsakiyar kaka ba ƙaramin abu ba ne ga jiki. Tyler Glasnow na Tampa Bay ya fito fili ya ce man rana da ƙaro yake amfani da su, da ya daina sai ya koma matse ƙwallo da ƙarfi, bayan wasa biyu jijiyar gwiwar hannunsa ta yage. Ba wanda zai iya rantsewa cewa dalilin ke nan, amma duk wanda ya taɓa jifa ya san abin da matse ƙwallo yake yi wa damtse.

Wani nau'in maguɗin kuma shi ne shan maganin ƙara kuzari, hukuncinsa daban: wasa 80 a karon farko, 162 a na biyu, korar dindindin a na uku, kuma babu albashi. Jenrry Mejía, mai jifar Mets, ya cika ukun a 2016, daga baya aka yi masa afuwa.

Sai nau'in da hukumar ba ta yi masa dariya ko kaɗan, wato mai jifa ya ɓata jifarsa da gangan saboda caca. Mai danƙo yana cutar abokin hamayya ne don ya ci wasa, ɗan kallo ya ga abin da ya biya kuɗi ya gani, mutum biyu kowa yana son nasara. Wanda ya sayar da jifa kuwa ɗan kallon ya cuta. Dokar da ke manne a kowane ɗakin 'yan wasa ta ce wanda ya yi caca a kan wasan da yake ciki an kore shi har abada. Cacar waya ta sa abin ya yi sauƙi ƙwarai, domin yanzu ana iya zuba kuɗi a kan jifa guda ɗaya: za ta bi ta gurbin da doka ta ƙayyade a gaban mai bugu ko za ta kauce, za ta kai gudu kaza ko ba za ta kai ba. Mutum ba ya buƙatar sayar da wasa, jifar farko kawai zai dankara a ƙasa. A watan Yulin 2025 aka ajiye masu jifar Cleveland biyu, Luis Ortiz da Emmanuel Clase, a gefe ana bincike, a watan Nuwamba masu gabatar da ƙara na tarayya a Brooklyn suka tuhume su da shirya irin waɗannan jife-jife, suna zargin cewa 'yan caca sun ci sama da dala 400,000. Dukansu sun musanta. Nan da nan hukumar da kamfanonin caca suka ƙayyade cewa kuɗin da za a zuba a kan jifa ɗaya kada ya wuce dala 200.

Wannan tsoro yana da asali. A jerin wasannin cin kofin gasar na 1919, Eddie Cicotte na Chicago White Sox, wanda shi ma gwanin gyara ƙwallo ne ba wanda ya taɓa korarsa a kan haka, ya karɓi dala 10,000 daga 'yan caca. Alamar da aka shirya ita ce ya jefi mai bugu na farko, kuma a jifarsa ta biyu ya sami mutumin a baya. Kotu ta wanke shi da abokansa a 1921, amma washegari shugaban gasar, Kenesaw Mountain Landis, ya kori su takwas har abada. Cicotte ya rasu a 1969. Ba a cire sunansa daga jerin korarru ba sai a watan Mayun 2025, lokacin da hukumar ta yanke cewa korar dindindin tana ƙarewa ne da mutuwar mai ita.